Yadda Muka Auna Ruwan Marma Tare da Masunta, Manoma da Makiyaya

Aikin da aka ɗauke ni na yi ba shi da wuya a kan takarda. Malamina a jami'a ya samu ɗan tallafin bincike domin a gano faɗin wurin da ciyawar kachala ta cinye a dausayin Haɗeja da Nguru. Ni kuma ina digiri na biyu a fannin labarin ƙasa, na iya sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam. Tsarin shi ne in zauna gaban kwamfuta in ware kachala daga sauran tsirrai, mu je mu tabbatar da ido a wasu wurare, mu yi wa mutanen gari 'yan tambayoyi, mu dawo mu rubuta.

Ni haifaffen Kano ne, kuma wannan ya shafi maganar. Ruwan famfon da na tashi ina sha daga kogin Kano da na Challawa ake jawo shi, su ne kuwa suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Mu na sama muka samu ruwan sha da noman rani a Kadawa da Kura. Na ƙasa kuwa kogi ne ya sauya musu hali. A da ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya malale fadamu, ya janye da kaka, da rani hanyoyinsa su ƙafe har a taka da ƙafa. Bayan madatsun ambaliyar damina ta ragu, amma ana sakin ruwa da rani saboda gonakin ban-ruwa, sai hanyoyin suka daina bushewa. Kachala kuwa ba abin da take so irin ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta yaɗu, ta tare laka, ta toshe hanya. Bayan garin Haɗeja kogin yana rarrabuwa: akwai tsohon kogi, akwai Burum Gana, akwai Marma wadda take zuba a tafkin Nguru. Da waɗancan suka toshe, sai galibin ruwan ya karkata Marma. Ƙauyukan gaɓarta ruwa ya kwanta musu a gona ba ya tashi, na can gaba wajen Gashuwa kuma suna jiran ruwan Haɗeja bai isa ba. Wannan yankin ne, tafkin Nguru da Marma, aka sa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, na farko a Najeriya.

Takardun jami'a ba su ɗauke mu lokaci ba. Kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, muka buga takardar neman yarda wadda kowa zai sa hannu ko ya dangwala. Muka bi hanyar da aka sani: fada, hakimi, dagaci, sannan Bulaman ƙauyen da muka zaɓa a gaɓar Marma, gari ne na Badawa da Mangawa da Hausawa, da rugagen Fulani a tudun da ke arewa da shi. Ba zan kama sunan garin ba, domin yana cikin abin da muka yi alkawari.

Zaman farko a ƙofar gidan Bulama aka yi shi, bayan la'asar. Malamina ya yi bayani, aka saurare shi har ya gama. Bulama ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Malam, mun ji. Amma kafin ku an zo. An zo da mota, an tambaye mu, an ɗauki hotonmu, an ɗebi ruwa a kwalba, an ɗebi ƙasa a leda. Har yau ba wanda ya dawo ya ce mana ga abin da aka gani. To ku idan kun gama, wa za ku gaya wa?"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ku za mu fara gaya wa."

"Haka su ma suka ce."

Ba wanda ya dangwala takardarmu a ranar. Wani dattijo ya faɗi dalili ba tare da kwana-kwana ba: a wurinsu mutum ba ya dangwala yatsa sai a maganar gona ko bashi ko zaɓe, kuma takardar da ba ka iya karantawa ba, ba ka san me ka sayar ba. Aka ce mu tafi, za su yi shawara.

Shawarar ta ɗauki makwanni, kuma a ganina ita ce rabin binciken. Da muka dawo sun tsara sharuɗɗansu. Ba a ɗaukar hoton mace ko na cikin gida. Duk abin da aka auna, littafin asali a garin zai zauna, mu kwafi za mu ɗauka. Ba za a buga komai ba sai an karanta musu da Hausa a bainar jama'a, kuma idan sakamakon ya taɓa wani rukuni, su za a fara gaya wa kafin kowa. Samarin da za su yi aiki tare da mu gari ne zai zaɓe su, kuma a biya su. Akwai abubuwan da za su nuna mana don mu fahimta amma ba don mu rubuta ba, kuma su za su ce ga su. Liman ya rubuta wannan da ajami, ni na rubuta da boko, aka karanta duka biyun, aka yi fatiha. Yardar kowane mutum kuwa da baki aka karɓe ta gaban shaidu biyu, kwamitin jami'a ya amince da hakan bayan Malam ya rubuta musu bayani.

A hanyar komawa Malam ya ba ni labarin mutanen San na kudancin Afirka. Wata cibiyar binciken gwamnati a can ta yi rajistar mallakar sinadarin wani tsiro mai suna Hoodia, wanda San suka daɗe suna ci don kashe yunwa a wajen farauta, ba tare da an tuntuɓe su ba. Sai a 2003 aka ƙulla yarjejeniyar raba amfani da su. A 2017 San ɗin suka fitar da nasu ƙa'idojin da duk mai son bincike a cikinsu zai bi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince da sanarwar haƙƙin 'yan asalin ƙasa a 2007, wadda ta yi maganar neman yardar jama'a tun kafin a fara aiki, ko da yake Najeriya na cikin ƙasashen da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Dattawan garin nan ba su taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma abin da suka gindaya mana bai gaza su ba.

A zama na gaba tambayar binciken kanta ta sauya. Sarkin Ruwa, tsoho ne siriri mai ƙaramar murya, ya ce mini, "Ɗana, kachala mun san tana da yawa, ba sai an auna mana ba. Ku auna mana ruwan. Yaushe yake zuwa, yaushe yake tafiya, a ina yake tsayawa."

Daga nan kowa ya kawo tasa. Manomin shinkafa yana shuka da ruwan sama, yana so ambaliya ta same ta bayan ta yi tsayi. Idan ruwan kogi ya riga ta, ya nutsar da ita tun tana ƙarama. Mai noman wake yana bin ruwa a baya yayin da yake janyewa, ya shuka a danshin da ya bari. Idan bai janye ba, babu wake a shekarar. Masunci yana so ruwa ya bazu a fadama domin tarwaɗa da karfasa su yi ƙwai a cikin ciyawa, sannan ya ja baya kifi ya taru a wurin da za a kama shi. Bafulatani yana jiran ruwa ya sauka ciyawar burugu ta fito, kuma ya samu mashayar da shanu za su isa ba tare da sun ratsa gona ba. Mutum huɗu, ruwa ɗaya, amma ba wanda a cikinsu ya damu da yawan hektar kachala. Abin da ya dame su lokaci ne. Malam ya rubuta wa masu ba da tallafi ya nemi a faɗaɗa aikin ya haɗa da auna hawa da saukar ruwa, suka yarda.

Taswirar farko a ƙasa aka zana ta, a filin da ake sussukar shinkafa. Toka ce hanyar ruwa, kara shi ne burtali, ƙwallon goruba shi ne gari ko ruga. Muka roƙi dattawa su zana mana kogin yadda suka san shi suna samari. Ba sa ƙirga shekara da lamba. Sukan ce shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973, ko babban farin da ya biyo baya, ko na 1984. Wannan ya yi mana daidai, domin taurarin Landsat tun 1972 suke ɗaukar hoton duniya, kuma tun 2008 kowa na iya sauke hotunan kyauta. Abin da dattijo ya ce ya gani kafin a gama Tiga, ana iya neman inuwarsa a hoton wancan lokacin.

A nan ne wani layin toka ya tsayar da ni. Dattawa sun ja shi daga ƙarshen fadamar garin ya lanƙwasa ya koma Marma can ƙasa. A sababbin hotunan tauraron Sentinel-2, waɗanda suke nuna abin da ya kai faɗin mita 10, ba komai a wurin sai kore shimfiɗe. Suka ce ai wannan ita ce hanyar da ruwa yake bi ya fita daga fadama da kaka. Tana da suna da harshen Bade, kowane lanƙwasa ma da sunansa, kuma sun ce tun da ta toshe fadamar ta daina bushewa. Na koma na nemo tsofaffin hotuna. Ba su da kaifi, amma a na rani akwai wani ɗan zare mai duhu daidai inda aka zuba tokar.

Muka shiga nemanta da kwalekwale, ni da Sarkin Ruwa da samari biyu. Wanda bai taɓa shiga kachala ba zai yi wuya ya gane. Ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, idan ka shiga ba ka ganin gari, ba ka ganin tudu, iska ba ta ratsawa. Ganyenta yana yankan hannu, sauro yana tashi da tsakar rana, ruwan baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ganye. Samarin suna sara da adda, muna turawa taku-taku. Na'urar GPS tana hannuna tana gaya mini inda nake, amma ba ta san inda ya kamata in nufa ba. Sarkin Ruwa yana tsaye a bayan jirgi da gorar tuƙi. Yakan soka ta ƙasa, ya murza, ya saurara da hannunsa, ya ce a yi dama ko a yi hagu.

Na ce, "Baba, me kake ji?"

Ya ce, "Yashi. Inda ruwa ya taɓa gudu yashi yake bari. Inda ya kwanta, laka. Riƙe ka ji."

Na riƙe. Da farko ban ji komai ba sai taushi. Da na ƙara dannawa gorar ta ratsa taɓo, sai na ji wani ɗan gurzawa a tafin hannuna, kamar ana niƙa tsaki. Muka matsa gefe kaɗan na sake sokawa, babu. Da haka muka bi hanyar, yana faɗin sunan kowane lanƙwasa, ina danna na'ura ina ajiye wurin. Daga baya muka dawo da ƙarfen haƙar samfurin ƙasa muka ciro daga ciki da wajen layin. A ciki, ƙarƙashin baƙin taɓo da saiwar kachala, farin yashi ne; a waje laka ce har ƙasa. Hujja uku suka haɗu a wuri ɗaya: tunanin dattawa, tsohon hoto, da ƙasar kanta. Da hoton kaɗai muka dogara da shi, da na ɗauki zaren nan tabon na'ura ne. Da maganar dattawa ce kaɗai, da injiniya ba zai turo mota a kanta ba. Tun daga ranar na daina jin daɗin yadda wasu rahotanni suke ambaton ilimin mutanen gari a shafin godiya, alhali shi ne ya nuna inda za a haƙa.

A wannan tafiyar ya nuna mini abin da ba a rubutawa. Akwai gurabu masu zurfi inda kifi yake fakewa da rani. Ba a su a cikinsu sai ya buɗe, kuma akwai wanda ba a taɓawa sam, don a bar iri. Ya ce idan suka hau takarda, baƙin masunta za su zo da dare, wasu har da maganin ƙwari suke zubawa, su kashe babba da ƙarami. Saboda haka taswira biyu muka yi. Ta gari tana da komai, tana gidan Bulama. Wadda ta fita ba ta da gurabun. Wani malami da ya duba aikina ya ce wannan giɓi ne a bayanai. Haka ne, giɓi ne, kuma na rubuta a fili cewa an bar shi bisa yarjejeniya. Ban ga ilimin da duniya za ta ƙaru da shi ba idan aka wallafa inda garin nan yake ajiye abincinsa na baɗi.

Da Fulani maganar ta ɗauki wani salo. Arɗo ya ce kada a ƙirga masa shanu, ko da wasa. Jangali ya wuce amma ba a manta da shi ba. Burtali kuwa shi ya nace a sa. Matsalar ita ce manoman da ruwa ya cinye wa gonaki sun hau tudu sun yi shuka, wasu a tsakiyar burtalin. Duk layin da na ja zai iya zama hujja a gaban alƙali gobe. Muka ƙi zana shi da bakin ɓangare ɗaya. Aka fita a ƙafa, wakilin Arɗo da wakilin manoma da ɗan aiken Bulama, aka bi shi daga ruga har mashaya. Inda suka yarda na ja layi ɗaya. Inda suka saɓa na ja biyu, na rubuta wa ya faɗi wanne. An ɗaga murya a wurare, amma an gama tafiyar tare.

Ɓangaren mata abokiyar karatuna ce ta yi shi, a cikin gida, ni ban shiga ba. Abin da ta fito da shi bai taso ba ko sau ɗaya a zaman maza. Goruba tana mutuwa a inda ruwa ya daɗe a kwance, kabar saƙar tabarma da faifai sai an yi tafiya mai nisa. Tsuntsun jan-baki yana kwana a cikin kachala ya faɗa wa gero da shinkafa da asuba, don haka yara suke wuni a gona suna kora maimakon makaranta. Kuma yara maza da yawa suna fitsarin jini. Wata tsohuwa ta ce mata, "'Yata, ku da kuke auna ruwa, ku auna wannan ma." Tsargiya ba fanninmu ba ce, amma dodon-koɗin da ke ɗauke da ita a irin wannan ruwan kwance yake rayuwa. Da izinin iyayen muka sanar da ma'aikatan lafiya na yankin, muka kuma sa wuraren wankan yara a taswirar gari.

Ma'aunan ruwa ba wani abin mamaki ba ne: turakun ƙarfe da muka yi wa fenti muka zana santimita, muka kafa a bakin Marma, da cikin fadama, da bakin tsohuwar hanyar, muka daidaita tsayinsu da juna. Gari ya ba mu samari, ɗan masunta da ɗan manoma da ɗan Fulani. Kowace safiya bayan sallar asuba mai turke zai je ya karanta, ya rubuta a littafi, ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp idan akwai sabis. Su ne kuma suka tace mini taswirar kachala. Da damina koren shinkafa da na ciyawar roba da na kachala kusan ɗaya suke a idon tauraro. Na buga taswirar na shimfiɗa musu, ɗayansu ya ɗora yatsa ya ce, "Yaya, nan ai shinkafar kawuna ce." Suka bi ta gona-gona suna gyarawa, muka koma amfani da hotunan rani, lokacin da an girbe shinkafa kachala kuwa tana nan tsaye.

Sakamakon da ya fi nauyi a kan dumba ya fito. Dumba jerin gurar kamun kifi ce da ake gicciyawa a hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa. Turakunmu sun nuna ruwa yana taruwa a bayanta, gudunsa yana raguwa, kuma a nan taɓo yake kwanciya kachala ta samu wurin kafa saiwa. Manoma sun daɗe suna faɗin haka, yanzu ga shi a littafi, da rubutun ɗan masunta kansa. Bisa alkawari masunta muka fara samu, a gidan Sarkin Ruwa, da dare. Na karanta musu lambobin. Ba wanda ya musa.

Sarkin Ruwa ya ce, "Mun sani, ɗana. Amma ka rubuta wanda ya riga wani. Lokacin da ruwa yake fili muna jefa birgi, muna jan taru. Kachala ta rufe wurin jifa. Idan ba mu tare hanya ba, me za mu kai gida?"

Haka na rubuta shi, domin haka yake. Dumba tana ƙara toshewa, amma ba ita ta kawo kachala ba. Sauyin da madatsu suka yi wa kogi ne ya kawo ta. Rahoton da ya ambaci dumba ya yi shiru a kan Tiga da Challawa zai zama sanda ce aka miƙa wa mai ƙarfi ya doki marar ƙarfi. A taron gari masunta da kansu suka kawo shawarar a riƙa barin ƙofa a tsakiyar dumba, a kuma cire ta gaba ɗaya a makwannin da ruwa yake janyewa daga fadama. Ba kowa ne ya bi ba, amma an samu abin da za a riƙa tuna wa juna.

Ambaliyar 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ta tsayar da komai. Ruwa ya shanye turakun, ya tafi da wasu, gidajen ƙasa suka zube, mutane suka koma tudu. Ba lokacin bincike ba ne, mun je ne da abin da muka iya tarawa na abinci da gidan sauro. Samarin sun fitar da littattafan a ƙulle cikin leda tare da takardun gidajensu. Bayan ruwa ya sauka suka zagaya da ni muka auna tabon da ya bari a jikin giyayya da bangon masallaci, muka cike kwanakin da ba a karanta turke ba gwargwadon abin da tabon ya nuna, muka sa alama cewa ƙiyasi ne.

Rahoton da Hausa aka fara rubuta shi. An karanta shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, wani saurayi yana mayarwa da Bade saboda tsofaffin da suka fi sakewa da shi. An tsayar da ni a wurare, an gyara sunan wani lanƙwasa, an ce a cire wata jimla da za ta iya nuna gonar wani mutum a rikicin burtali, na cire. Da aka zo maganar takardar da za a aika mujallar kimiyya, Malam ya tambaye su yadda suke so a ambace su. Suka ce samarin da suka karanta turaku a sa sunansu cikin marubuta, tunda da hannunsu aka yi. Dattawa kuwa a ce dattawan gari, ya isa.

Da rani aka yi gayyar buɗe tsohuwar hanya, ana bin wuraren da muka ajiye a na'ura. A nan ma ilimin biyu suka gamu. Masunta sun san idan aka ƙone kachala ko aka sare ta a sama, sai ta tofo da ƙarfi, amma idan aka yanke ta ƙarƙashin ruwa takan ruɓe. Littafi ya ba da dalili: ganyenta yana da ƙofofin da suke kai iska zuwa saiwa, idan ruwa ya rufe kututturen sai saiwar ta shaƙe. Aiki ne mai tsanani, mutum yana cikin ruwa har ƙirji, ga matsattsaku, ga kaifin ganye. Da kakar da ta biyo baya turken fadama ya nuna ruwa ya sauka da wuri fiye da yadda muka gani a baya, kuma an shuka wake a wani yanki da aka daɗe ba a taka ba. Wani yanki ne kawai, kuma kachala ta fara dawowa ta gefe. Sai an riƙa bi duk shekara. Mutanen kogin Senegal, waɗanda ita ma ta addabe su bayan madatsar Diama ta 1986, suna yin gawayi da ita. Mun nuna wa samarin hotunan yadda ake yi, suna son gwadawa, ko sarar ta riƙa biyan kanta.

Babbar maganar ba a hannun garin take ba. Muddin hanyoyin ruwa ba sa bushewa da rani, kuma ba a sakin ruwa mai ƙarfi da damina da zai wanke su, adda ba za ta gama da kachala ba. Wannan shawara ce ta masu kula da madatsu da gwamnatocin jihohin da kogin ya ratsa, kuma tana da wuya, domin manomin Kura ma da ruwan ranin yake ci, ni ma da shi nake sha. Abin da ya sauya shi ne, da aka kira taron masu ruwa da tsaki na yankin, Bulama bai je da koke kaɗai ba. Ya je da littafin turaku da taswira, ɗaya daga cikin samarin ya tashi ya nuna ranar da ruwan rani ya iso da yadda ya hau gonakin da aka riga aka shuka. Buƙatarsu ta farko ƙarama ce: a riƙa sanar da su kafin a saki ruwa, ko ta rediyo ne.

Tallafinmu ya ƙare, kuɗin samarin ya tsaya. Gari ya yanke cewa a riƙa cire wani abu kaɗan ranar kasuwar kifi don fenti da katin waya, kuma har yanzu hotunan turke suna shigowa wayata, ko da yake ba kullum ba. Wani ƙauye da ke ƙasa da su, a ɓangaren da ruwa ba ya isa, ya aiko yana son a kafa masa nasa turakun, domin a haɗa littafin mai ruwa da yawa da na marar ruwa a kai gaba tare. Bulamansu ya ce mu zo bayan girbin shinkafa, mu taho da samarin nan su koya wa nasu, mu kuma riƙo kwafin yarjejeniyar ajamin, za su duba abin da za su ƙara a ciki.